Injin ya tsaya, kawu na jiran lissafi: nawa ne asarar?

Mai Injin Kaji:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ina kula da wani ƙaramin injin haɗa abincin kaji a nan Jos, ta wajen hanyar Zariya. Uwar kuɗin ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata, aikin kuma nawa, ƙarshen shekara mu raba riba. Kowa ya tuna duhun da muka shiga a Oktoban nan na 2024. Ranar Litinin 21 ga wata layin da ke ɗauko wuta daga Inugu ya biyo ta Makurɗi ya iso mana ya faɗi, ga shi dama an riga an lalata na Shiroro zuwa Kaduna. Ba mu sake ganin wuta ba sai yammacin Laraba 30 ga wata. Mun koma kan janareta, ran Talata da azahar kwayil ɗinsa ya ƙone. Ina tsaye a wurin na ji ƙauri, kafin yaro ya kai hannu ya kashe, hayaƙi ya cika ɗakin, mikisa ta tsaya da tan guda a cikinta. Da shebur muka kwashe.

Yanzu kawu ya ce kafin mu zauna lissafin shekara in rubuto masa abin da tsayawar nan ta ci mana. Na zauna na buga: injinmu na iya yin buhu 400 a yini, kwana 10 ya zama buhu 4,000, kowane buhu mai kilo 25 muna sayar da shi naira 14,000. Ya tashi miliyan 56. Na ɗora albashin ma'aikata da naira 620,000 na gyaran janareta. Tun da na ga adadin barci ya ƙaurace mini, don in haka ne ai da tuni mun rufe. Amma ga mu muna aiki. Ina na kuskure?

Mai Biredi a Gangare:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Mu ma mun ɗanɗana a makon nan. Ni dai a ganina lissafinka daidai ne, abin da ba ka yi ba ai ka rasa shi.

Tsohon Akawu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kwantar da hankalinka, ba ka yi asarar miliyan 56 ba, ko kusa. Wannan shi ne lissafin dokin Rano, kuma ba kai kaɗai ke faɗa masa ba, na ga manyan manajoji sun kawo irinsa a ofis.

Kafin in ce komai, amsa mini wannan. Ka ce injin "na iya" yin 400. Yaushe rabon da ya yi 400 ɗin? Buɗe littafin sito, ba takardar da ta zo da injin ba. Koma baya mako shida kafin 21 ga Oktoba, ka tara duk buhunan da suka fito, ka raba da ranakun da aka yi aiki. Sannan gaya mini: kuna aiki ran Lahadi? Litinin ɗin farko da kuka hau janareta, nawa kuka yi?

Mai Injin Kaji:
Baba, na gode. Littafin na gabana. Daga 9 ga Satumba zuwa 19 ga Oktoba ranakun aiki 36 ne, buhu 7,920 suka fito. Wato 220 a yini. Gaskiya 400 sau biyu muka taɓa yi, shi ma da aka kwana ana aiki. Lahadi ba ma buɗewa. Litinin ɗin mun yi aiki cikakke, Talata rabi.

Tsohon Akawu:
Madalla. To kwanakinka ba 10 ba ne. Litinin 21 ka yi aiki, cire ta. Lahadi 27 dama a rufe kake, cire ta. Saura rabin Talata, da Laraba zuwa Asabar kwana huɗu, da Litinin zuwa Laraba kwana uku. Bakwai da rabi. Sau 220, buhu 1,650. Ka ga tun ba mu taɓa maganar kuɗi ba 4,000 ta zube.

Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ya faru da abin da zai faru da matsalar ba ta zo ba. Da ba a ɗauke wuta ba, 220 za ka yi, don iyakar abin da masu gonaki ke saya a wurinka ke nan. Ragowar 180 da injin ke iya ƙarawa kullum kake barinsu, ko da wuta ko babu, ba ka kuma taɓa kiransu asara ba.

Injiniyan Dilimi:
Baba Akawu ya yi daidai, amma ni zan ƙara masa, ba ragewa ba. Inji ba ya tashi daga barci ya kama gudu. Oga, duba Alhamis 31 da Juma'a 1 ga Nuwamba. Na tabbata ba ku kai 220 ba. Wutar da ta dawo a kwanakin farko ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma injin niƙa da ya yi mako a tsaye da gari a cikinsa sai an kwance rariya an kakkaɓe, ga bel da ya saki. Masu lissafi a kan tebur suna tsayar da ƙirga ranar da fitila ta kama, mu da ke kwance inji mun san ciwon na wuce ranar.

Ku ba kwa kan layin Nesco ne, kamfanin nan mai zaman kansa da ke samar da wuta daga ruwan Kurra?

Mai Injin Kaji:
A'a Injiniya, wutar Kurra ba ta zo ta wajenmu ba. Kuma ka canka: Alhamis 120, Juma'a 140. Asabar ce muka koma daidai.

Tsohon Akawu:
To ƙara 100 da 80. Ya zama 1,830. Wannan shi ne abin da injin bai haifa ba a kwanakin. Yanzu tambaya ta gaba: bayan nan kun rama wani abu?

Mai Injin Kaji:
Mun rama. Daga 4 zuwa 16 ga Nuwamba muna ƙarawa da dare har ƙarfe goma, ranakun aiki 12, kullum wajen 260. Kuɗin aikin daren ya ci 90,000. Sannan lokacin da muka tsaya akwai buhu 300 a sito, su muka rarraba wa tsofaffin kwastomomi har suka ƙare ran Alhamis.

Ɗan Katako:
To ai sai a cire duka biyun. Rarar 40 sau 12, 480 ke nan, a haɗa da 300 na sito, 780. Saura 1,050.

Tsohon Akawu:
A'a, malam, nan ka cire abu ɗaya sau biyu. Ɗana, yanzu sitonka babu komai ne?

Mai Injin Kaji:
Mun mayar da 300 ɗin, Baba. Ba na barin sito wayam.

Tsohon Akawu:
Daga ina aka mayar da su? Daga cikin 480 ɗin nan. Sito rance ya ba ka a lokacin ƙunci, ka biya shi da aikin dare. Ko ta ƙofar inji ka ƙirga ko ta ƙofar ciniki, wuri ɗaya za ka sauka. Ta inji: 1,830 a cire 480, saura 1,350. Ta ciniki: ka rasa 1,830, sito ya tare 300, saura 1,530, daga baya ka sayar da rarar 180 bayan ka cike sito, saura 1,350. In hanyoyi biyu suka kai ka gida ɗaya, to ba ka ɓata ba.

Mai Biredi a Gangare:
Ko 1,350 ɗin ma sau 14,000 ai kusan miliyan 19 ne. Ba ƙaramin abu ba ne fa, Baba.

Tsohon Akawu:
Nan ne babban ramin, kuma shi na fi so kowa a zauren nan ya gane. Mai Biredi, ranar da ba ka gasa ba, fulawarka ta ƙone ne? Tana nan a jingine. Haka masarar yaron nan. Buhu 1,350 ya haura tan 33 na abinci, kuma masarar da za ta shiga ciki, da tunkuzar waken suya, da dusar alkama, da garin ƙashi, ba wanda ya taɓa su. Suna sito, ko kuɗinsu na aljihu ba a kashe ba. Ta yaya za ka rubuta wa kawunka cewa ka yi asarar abin da zai iya zuwa ya ɗora hannu a kai?

Abin da ka rasa a kowane buhu shi ne ɗan abin da ke saura bayan an cire duk kuɗin da ke tashi saboda an yi wannan buhun. Lissafo mini su.

Mai Injin Kaji:
A kan buhu ɗaya: kayan haɗi 12,300, buhu da zare 250, wuta 250, 'yan dako 100. Jimla 12,900.

Tsohon Akawu:
Saura 1,100. Sau 1,350, naira 1,485,000. Ka ɗora 90,000 na aikin dare, don ba don tsayawar ba da ba a kashe su ba.

Albashi kuwa kada ka ɗora. Na san zuciya na cewa ai na biya mutane suna zaune. Gaskiya ne, amma daga ina ake biyan albashi da hayar wuri a ranakun lafiya? Daga 1,100 ɗin nan. Tunda ka ƙirga ta a matsayin abin da ka rasa, albashin na cikinta. In ka sake ɗorawa ka ƙirga shi sau biyu.

Mai Injin Kaji:
Innalillahi. Daga miliyan 56 zuwa ƙasa da biyu. Wallahi Baba sai yanzu na ji numfashina ya daidaita.

Hajiya Mai Kaji:
Sannunku. Na yi shiru ina karantawa, amma Baba Akawu, da girmanka, akwai inda lissafin nan bai san kaza ba.

Shekarata goma sha ɗaya ina kiwo a Bukuru. Kazar ƙwai na cin wajen giram 110 zuwa 120 a yini, buhu ɗaya ya ɗan haura kaji 200. Ba ta san an ɗauke wuta ba. Ƙarfe shida na safe in ba ta ga abinci ba, kwana biyu za ka gani a kiret. Don haka ranar da mai injina ya ce mini babu, kafin azahar na sayo a wani wuri. Kuma ga abin da wanda ba ya kiwo bai sani ba: ba a sauya wa kaza abinci farat ɗaya. In dole ta sa an sauya, ƙwai zai ɗan ja baya kafin su saba. To wadda ta sha wannan wahalar sau ɗaya, kajinta suka daidaita a kan sabon abinci, me zai sa ta sake jefa su ciki don kawai injinka ya tashi? Sai dai in zumunci ne mai ƙarfi ko bashi kake ɗaga mata.

Ƙanina, ka duba littafinka da sunaye, ba da jimla ba. Wa ya daina zuwa?

Sannan abu na biyu. Kun ɗauki 260 na Nuwamba kun ce duk ramuwa ce. A Jos fa muke. Ƙarshen Oktoba da farkon Nuwamba ne kowa ke zuba 'yan tsakin buroila don su isa yanka a Kirsimeti, mako shida zuwa takwas. Ko ba a ɗauke wuta ba cinikin abinci na tashi a lokacin. Wani ɓangare na rarar nan kasuwa ce ta kawo, ba ƙoƙarin dare ba.

Tsohon Akawu:
Hajiya, kin yi gaskiya, na karɓi gyara. Na auna Nuwamba da mudun Satumba, kuma bai kamata ba. Ɗana, akwai littafin bara?

Mai Injin Kaji:
Akwai. Bari in je ofis bayan la'asar.

Mai Ruwan Leda:
Kafin ya dawo, ni tawa akasin haka ce. Mu masu ruwa daga Nuwamba zuwa Janairu sanyin Jos kashe mana kasuwa yake. Injina ya taɓa tsayawa kwana biyar a Disamba, da na auna da cinikin Maris da na ce na mutu. Amma da na duba na Disambar da ta gabata, abin bai kai rabi ba. Kowace sana'a da watanta.

Mai Injin Kaji:
Na dawo. Hajiya, Allah ya saka da alheri, duka biyun kin faɗa daidai. Bara daga makon farko na Nuwamba cinikinmu ya ƙaru da kamar buhu 15 a yini a kan na Satumba da Oktoba, ya tsaya haka har tsakiyar Disamba.

Da na bi sunaye kuma, gonaki biyu ba su dawo ba. Ɗaya mai kaji 2,000 ta wajen Rayfield, ɗaya mai 1,000 a hanyar Bauchi. Tsakaninsu buhu 14 suke ci kullum. Abin da ya rufe mini ido shi ne yanzu muna yin wajen 220 a yini, sai na ɗauka mun koma yadda muke.

Hajiya Mai Kaji:
Ba ku koma ba. A wannan watan 235 ya kamata a ce kuna yi. Masu buroila ne suka rufe gurbin, kuma ranar 26 ga Disamba za su watse su bar ka da ramin a buɗe.

Tsohon Akawu:
To mu gyara. In ma'aunin Nuwamba 235 ne, ramuwar gaskiya 25 ce a yini, ba 40 ba. Sau 12, 300. A cire daga 1,830, saura 1,530, sau 1,100, naira 1,683,000.

Shawarata kada ka kai wa kawunka lamba ɗaya. Rubuta masa: tsakanin buhu 1,350 da 1,530, wato tsakanin 1,485,000 da 1,683,000, ka faɗi dalilin kowanne. Abin da bai faru ba muke aunawa, ba wanda ya gan shi. Wanda ya kawo lamba ɗaya har da kwabo, shi na fi tuhuma.

Gonakin nan biyu kuma ka ba su layinsu daban. Kaji ba su da Lahadi, don haka 14 sau 30, buhu 420 a wata, naira 462,000. Rubuta na wata ɗaya da ya wuce, ka ce yana ci gaba har sai sun dawo ko an sami madadinsu.

Ɗan Katako:
Me zai hana ya buga na shekara guda kawai? Ai miliyan biyar da rabi ne.

Tsohon Akawu:
Domin ba shi da tabbacin za su zauna da shi shekara ko da ba a ɗauke wuta ba. Kaji na tsufa a sayar, mai gona na canza ra'ayi, wani sabo na zuwa. Abin da ya wuce a rubuta shi da lamba, na gaba a faɗe shi da baki.

Ɗalibi a Abuja:
Wannan muhawarar ta tuna mini da Toyota. Ranar 1 ga Maris 2022 sun tsayar da duk masana'antunsu 14 na Japan yini guda, saboda an kutsa wa kwamfutocin wani kamfani da ke kawo musu kayan roba. Abin da aka sanar shi ne motoci kusan 13,000 ne abin ya shafa. Na lura da adadin mota aka fara magana, ba da kuɗi ba, kamar yadda Baba ya fara da buhu. Bambancin kawai mai sayen mota zai iya jira wata guda, don haka mota ana rama ta. Kazar Hajiya ba ta jira.

Injiniyan Dilimi:
Ni akwai abin da ke cina tun jiya, bari in faɗa ko da zai yi ɗaci. Oga, da janareta ya ƙone, ba ka nemi na haya ba?

Mai Injin Kaji:
Na nema. Na sami ɗaya da zai ja injin, aka ce 150,000 a yini, gas nawa. Na ga kamar zalunci ne, na ce a bar shi, wuta za ta dawo gobe ko jibi. Kullum haka ake ta faɗa.

Injiniyan Dilimi:
To mu buga. A yini kana samun 220 sau 1,100, 242,000. Haya 150,000. Aiki da gas ya fi na wutar gari tsada, nawa yake ƙara maka a buhu?

Mai Injin Kaji:
Kamar 250.

Injiniyan Dilimi:
55,000 ke nan. Jimla 205,000. Da ka karɓa, kullum za ka tashi da rarar 37,000 maimakon hannu wofi, kuma gonakin nan biyu da suna nan. Ba don in ɗora maka laifi na faɗa ba. Amma duk mai inji ya kamata ya san wannan lambar ta yini tun kafin rana ta ɓaci, a rubuce a bangon ofis. Ita ke gaya maka nawa za ka iya biya don kada ka tsaya.

Mai Biredi a Gangare:
Haba Injiniya, yanzu da aka san kwana tara duhun zai yi kowa gwani ne. Ran Talatar nan wa ya sani? Kuma ka buga da kyau: haya da ƙarin kuɗin gas na kwana bakwai 1,435,000 ne. Abin da ya rasa bayan ramuwa 1,485,000 zuwa 1,683,000. Ai kusan kunnen doki ne. Bai yi wauta ba.

Injiniyan Dilimi:
A kan buhu kunnen doki ne, na yarda. Kwastoman ne ya karya kunnen.

Game da 620,000 na gyara kuma, kada a cusa shi cikin buhuna. Kwayil ba ya ƙonewa rana ɗaya, yana tara gajiya ne. Shekara nawa janaretan, yaushe aka yi masa sabis na ƙarshe?

Mai Injin Kaji:
Shekararsa shida. An yi sabis a Agusta, rasit na nan. Amma ban ɓoye ba, ran Talatar na haɗa injin niƙa da mikisa da injin ɗinki lokaci ɗaya saboda mutane sun yi layi. Mun saba yin haka na awa ɗaya ko biyu, ba yini guda ba.

Yanzu tambayar da ta fi damuna ke nan. In sakacina ne, ni ya kamata in biya kawu?

Malamin Unguwa:
Bismillah. Irin wannan haɗin, ɗaya da dukiya ɗaya da aiki a raba riba, shi ne muḍaraba, littattafanmu na Malikiyya na ce masa ƙiradi. Asalin hukuncinsa, mai aiki amintacce ne. In aka faɗi, faɗuwar na kan dukiya, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Ba ya lamuni sai in ya ƙetare sharaɗin da aka gindaya masa ko ya yi sakaci bayyananne.

Sai a rarrabe abu biyu. Naira miliyan ɗaya da ɗoriyar nan ba dukiyar kawunka ce da ta salwanta ba, riba ce da ba ta samu ba, kuma ku biyu kuka rasa ta, kowa gwargwadon kasonsa. Ƙin karɓar haya ra'ayi ne da ka yanke da abin da ka sani a ranar, ga 'yan'uwanka masu sana'a ma sun saɓa a kai. Maganar lodin janareta ita ce abin dubawa, kuma ba ni zan yanke ba, masana inji ne za su ce ko abin da ka yi ya fita daga abin da aka saba. Ka faɗa wa kawunka kamar yadda ka faɗa mana, ku zauna da wani malami da ya san ku, da wani makaniki da kuka yarda da shi. Allah ne mafi sani.

Mai Injin Kaji:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Haka zan yi.

Ma'aikacin Inshora:
A taƙaice, don masu tambaya ta bayan fage: inshorar gobara ta yau da kullum kaya take biya, ba ribar da aka rasa ba. Ta tsayawar aiki daban ake sayenta, kuma galibi sai wani abu ya lalace a wurinka ta hanyar da takardar ta ambata. Ɗaukewar wutar gari sai an ƙara ta da sunanta. In ma kana da ita, hanyar da Baba Akawu ya bi ita mai tantancewa zai bi, kuma littafin sito da rasit zai fara nema. Akwai ta takaful, wato inshorar Musulunci, ga mai son hakan.

Tsohon Lebura:
Ku yi mini haƙuri, ni ban yi boko mai zurfi ba, yarona ke rubuta mini. Shekara ashirin na yi ina dako a kamfanoni a Anglo Jos. Na ji Baba Akawu ya cire naira 100 ta 'yan dako ya ce ba a kashe ba, don haka ba asara ba ce. A littafin mai inji haka ne. Amma 100 sau 1,350 naira 135,000 ce, kuma daga tukunyar wasu ta fita. Mai albashi ya karɓi nasa cif. Mai dako in buhu bai motsa ba, ranar sai dai a ci bashi wurin mai shago. Na san yadda ake zaman nan a bakin ƙofar kamfani tun safe, ana kallon wayar wuta, har la'asar a tashi ba ko sisi. Ba na cewa a sa a lissafin kawu. Ina cewa kada a kira shi rara.

Tsohon Akawu:
Baba, ba ni da amsa sai dai in ce ka yi gaskiya. Shekara talatin ina rubuta wannan layin da sunan kuɗin da aka tsira da shi.

Mai Injin Kaji:
Su shida ne. Na ba kowa mudu biyar na masara a makon, ban ba da kuɗi ba. Da na ga lambar nan na san bai kai ba. Zan sa ta a ƙasan takardar, kawu ya gani da idonsa.

Hajiya Mai Kaji:
Ka sa. Sannan maganar gonakin, kada ka aika yaro, kada ka yi waya. Ka je da ƙafarka ka tsaya a bakin keji ka tambayi yadda ƙwai yake. In za su dawo, ka ba su shawarar su gauraya naka da wanda suke kai a hankali tsawon mako guda, ka ɗauke musu kuɗin mota na makon.

Mai Injin Kaji:
Salam. Na zo da bayani kamar yadda na yi alkawari. Jiya bayan isha'i na kai wa kawu takardar, shafi ɗaya. Buhu 1,350 zuwa 1,530, kuɗinsu, 90,000 na dare, 620,000 na gyara a layinsa, gonaki biyu da 462,000 na Nuwamba, sai na 'yan dako a ƙasa. Na gaya masa maganar haya da ta lodi, ban rage komai ba.

Ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Bai ce komai a kan gyaran ba sai cewa a kira makanikin da ya naɗa kwayil ɗin ran Asabar mu ji ta bakinsa. Na 'yan dako ya ce a ba su rabi daga cikin kasuwa kafin a raba riba, ni ma na amince a taɓa nawa kason. Inda ya daɗe shi ne layin gonakin. Ashe kawu ya san mahaifin mai ta Rayfield ɗin tun zamanin kuza. Ya ce gobe bayan sallar Juma'a in zo in ɗauke shi mu je tare.

Ta hanyar Bauchi kuma na je da kaina shekaranjiya. Matar ta ce ta riga ta biya kuɗin abincin wata guda a inda ta koma, in dawo mata a farkon Janairu.

Injiniyan Dilimi:
Ran Asabar ɗin ka ce wa makanikin ya zo da mita, a kunna injunan uku tare a auna abin da suke ja a gaban kawu, a gwada da abin da ke rubuce a jikin janaretan. In ka ga dama ni ma zan leƙo da tawa, ƙarfe goma ina Farin Gada.